Jiran Tayi na Biyu

Duk 'yan Nijar da ke Lyon a shekarun baya sun san Malam Illiassou na unguwar Vaulx-en-Velin, kuma yawancinsu ba da sunansa suke kiransa ba, sai dai su ce Mai Sallah Goma. Laƙabin ba na banza ba ne. Mutum ne da yake hutun Faransawa tare da Faransawa, ya yi Ƙaramar Sallah da Babba tare da mu, sannan ga wasu ranaku nan da can cikin shekara da za ka gan shi zaune a bencin ƙofar bene da tsakar Talata, ya miƙe ƙafa yana yankan farce, alhali kowa yana wurin aiki. In ka tambaye shi ko lafiya, sai ya ce lafiya lau, yau sallar wani waliyyi ce a Mayorka. Mayorka kuwa tsibiri ne na ƙasar Sifaniya inda Turawa suke zuwa su shanya jikinsu a rana, kuma a lokacin Illiassou bai taɓa sa ƙafa a can ba.

Asalinsa ɗan Tasawa ne, ɗan mahauta gaba da baya. Ubansa yana da tukuba a bakin kasuwa, tudun tokar nan mai garwashi a tsakiya da ake kafa tsinkayen tsire a kewaye, kuma a gindinta Illiassou ya yi wayo. Wani Bature mai aikin rijiyoyi ya ɗauke shi kuku, ya taho da shi Faransa a farkon shekarun saba'in, daga baya aiki ya kai Baturen wata ƙasa ya bar shi a Lyon da jaka ɗaya da wuƙaƙensa. Bai zauna yana tagumi ba. Ya shiga dako a babbar kasuwar kayan lambu ta Perrache, kuma a nan ne wata safiya wani gajeren Bature mai gashin baki ya tsaya yana kallon yadda yake raba kabewa, yanka ɗaya ba gyara. Baturen ya ce yana neman mai hannu irin wannan a kantinsa. Illiassou ya goge wuƙa a wando ya bi shi.

Wannan Bature shi ne Mushe Tomeu, mai kantin kayan marmari a wani lungu bayan tashar jirgi. An haife shi a Mayorka, a wani gari da ke cikin kwarin gonakin lemo, aka kawo shi Lyon yana saurayi ya taya kawunsa tsaron kanti, kamar yadda mutanen garinsu da yawa suka yi a wancan zamanin. Ya yi shekara hamsin a Faransa, ya auri Bafaranshiya, amma kalandar da ke cikin kansa tana can gida ba ta biyo shi ba. In watan Agusta ya yi nisa akwai ranar waliyyi Bartomeu, mai sunansa kuma majiɓincin garinsu; ranar kanti a rufe. A watan Yuni akwai ta wutar bakin teku. A watan Mayu akwai ranar da garin kan rabu biyu a yi yaƙin wasa, rabi su yi shigar manoma, rabi su naɗa rawani su zama Larabawan da suka taɓa kawo hari ta teku, a yini ana harba bindigogin toka har manoma su ci. Kowace shekara manoma ke ci. Illiassou ya taɓa tambaya ko ba za a bar masu rawani su ci ko sau ɗaya ba, don a samu canji. Tomeu ya yi dariya har da tari, ya ce ai samarin garin rububin zama Larabawa suke yi, don su 'yan mata suke kallo. A irin waɗannan ranaku sai ya rataya kwali a ƙofa ya ja makulli, tsofaffin matan unguwa su zo da kwandunansu su tsaya suna tambayar juna wane hutu ne kuma yau da gwamnati ba ta faɗa musu ba.

Shi ma yana mutunta na Illiassou. In azumi ya zo ƙarshe, shi ne zai riƙa tambaya ko an ga wata, in an gani ya ce masa ya tafi kar ya ga ƙeyarsa sai jibi. Da Babbar Sallah kuwa Zouera, matar Illiassou, takan aika da soyayyen nama a kwano, kwanon ya dawo cike da lemo. Abu ɗaya ne Tomeu ya kasa ganewa, wato dalilin da Sallah ba ta zama wuri ɗaya a shekara. Ya ce waliyyansu sun fi tsari, kowa ya san ranarsa. Illiassou ya ce tasu Sallar mai zumunci ce, zagawa take yi ta gaida damina ta gaida ɗari. Haka suka zauna shekara ashirin da ɗoriya suna musu a kan abin da ba ya ɓata rai. A cikin wannan aikin Illiassou ya ɗauko Zouera daga gida, ya samu ɗaki can saman wani dogon bene, ya aurar da 'ya, furfura ta fito masa. In ka tambaye shi duniya sai ya ce Alhamdulillahi, kuma har zuciyarsa yake faɗa.

Sai dai akwai sallar da ta fi duk sauran, ta waliyyi Sant Antoni, a tsakiyar Janairu. Wannan ba ta rufe kanti ba ce. Tomeu kan bar wa Illiassou makullai ya tafi tsibirin na mako guda, ya dawo rigarsa tana warin hayaƙi, bakinsa cike da labari. Jajiberen ranar, in ji shi, ana tara gungumen zaitun a kowace mahaɗar hanya a cinna wuta, in ta ci ta zama garwashi kowane gida ya fito da namansa ya gasa a titi, wanda ya zo wucewa a miƙa masa. Samari su sa fuskokin dodanni masu ƙaho su riƙa korar yara. Tsofaffi su zauna da wata ganga ta tukunya mai kara a tsakiya, ana murza karan tana gurnani, suna ƙirƙirar waƙar zambo nan take, wannan ya soki wancan, wancan ya rama. Washegari kuma duk mai dabba ya jawo ta ƙofar coci a yayyafa mata ruwan albarka: jaki, akuya, kare, har tsuntsu a keji.

Dodannin ba su dami Illiassou ba, albarkar jaki ma dariya take ba shi. Wutar ce ta kama shi. Gari guda ya zama tukuba, ga zambo ga ganga, ai wannan Tasawa ce ta sa rigar sanyi. Yakan tsare Tomeu da tambaya: itacen yana da hayaƙi, garwashinsa yana jimawa, a kan me suke ɗora naman? Da ya ji a kan waya suke ɗorawa, irin ragar ƙarfen nan mai mariƙi, sai ya taɓe baki. Ya ce waya aikin malalata ce, ta ƙona nama ta waje ta bar shi ɗanye ta ciki. Wanda ya gaji wuta tsinke yake kafawa a gefe ya bar zafi ya shiga a hankali. Ya sha alwashi a ransa wata rana sai ya nuna wa mutanen nan yadda ake gashi. Yana son ganin wutar nan so na gaske, irin wanda mutum yake kwana da shi ya tashi da shi.

Kuma ba wai ba a gayyace shi ba. Kowace shekara, in an wuce hidimar sabuwar shekara suna share kanti, Tomeu kan jingina tsintsiya ya ce, "Illiassou, bana ka zo mu tafi." Illiassou kuwa, da yake an yi masa tarbiyya, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Haba Mushe, kada ka wahalar da kanka. Wa zai kula da kanti?" Daga nan sai ya yi shiru yana jira. A Tasawa kowa ya san abin da ke biyo baya: mai tayi ya sake, kai kuma ka sake kaucewa, ya kama hannun rigarka ya rantse, sannan ka bi shi kamar an tilasta ka, kowa ya tsira da mutuncinsa. Wanda ya cafke tayin farko, har jikokinsa sai an yi musu gorin kwaɗayi. To, Tomeu ba ɗan Tasawa ba ne. Sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Yadda ka ga dama," ya ɗauki tsintsiyarsa ya ci gaba da shara.

Shekarar farko abin ya yi wa Illiassou ciwo. Daga baya ya yi wa kansa fassara: tayin fatar baki ne, mutumin kirki ne yana fita kunya, ba wai da gaske yake son ya kwashi baƙo ya kai cikin danginsa ba. Da ya ajiye abin a haka sai ya huta, bai riƙe shi a rai ba. Duk Janairu a yi tayi, a ƙi, a yi shara. Zouera kaɗai ta san cewa duk makon da Tomeu yake can, mijinta ba ya cin tuwon kirki.

A ƙarshen 1995 Tomeu ya ce ya gaji. Matarsa ta riga ta rasu, ba su da ɗa, gwiwoyinsa sun daina yarda da hawa tsani. Ya sayar da kantin ga wani ɗan Tunisiya mai hankali, da sharaɗin Illiassou yana nan a wurinsa, don haka batun abin da za a ci bai taso ba. Shi kuma zai loda kayansa a tsohuwar motar kanti ya koma tsibiri gaba ɗaya, ya isa daidai wutar Sant Antoni. Ke nan tayin bana shi ne na ƙarshe. Illiassou ya shirya masa sosai. Ya yanke shawarar wannan karon zai ƙi ne da sanyi-sanyi, ya bar batun kanti, ya ɗan yi murmushi, yadda ko makaho zai ga ƙofa a buɗe take. Har ya sa Zouera ta daka masa yajin ƙuli, ya fiƙe tsinkaye ya ɗaure da zare ya ɓoye a aljihun kwat.

Ranar shara ta zo. Suka share, suka goge sikeli, suka jera akwatunan da babu komai a ciki. Tomeu ya jingina tsintsiya, Illiassou ya gyara tsayuwa. Tsohon ya dube shi, ya buɗe baki, sai ya ce a duba ko an kashe fitilar ɗakin ajiya. Shi ke nan. Illiassou ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya sauka ya hau bas har gida, bai san wanda ya zauna kusa da shi ba. Bai yi fushi ba. Baƙin ciki ne ya kama shi, na ganin abin da ya ɗauka yana nan kullum ashe yana iya ƙarewa.

A ƙarshen makon suka hau jirgin ƙasa zuwa Paris, shi da Zouera, don 'yarsu ta fari ta haihu a unguwar Bobigny za a yi suna. Kadidiatou sunanta, ko da yake ba za ka ji shi a bakin ubanta ba tunda 'yar fari ce. "Yarinyar nan" yake cewa, har yau da ta zama ma'aikaciyar jinya a asibiti. A Lyon ta girma, a bayan akwatunan lemon Tomeu ta yi aikin makarantarta, kuma ba ta iya rufa-rufa ba. Mijinta Sufyan Bazazzagi ne da ya zo karatun digiri na uku, mutum mai ladabi har ya so ya yi yawa. An yi suna lafiya, ƙofa ta cika da takalma, matan unguwar Stains sun zo da tukwanensu. Cikin abin da aka kawo har da fura ta gero na gaske da wata Hajiya Fatou ta dama, irin wadda Illiassou ya daɗe bai sa a baki ba. A ɗakin mai jego kuwa Zouera ta riga ta kwance wa 'yarta labarin tsintsiya kaf.

Da la'asar, baƙi sun ragu, Kadidiatou ta fito da kanta da kwanon furar ta durƙusa gaban ubanta.

"Baba, ga hura."

Illiassou ya dubi kwanon, ya haɗiye yawu, ya ce Alhamdulillahi ya ƙoshi, su sha abinsu.

"To," in ji ta. Ta miƙe ta miƙa wa mijinta kwanon.

Sufyan ya riƙe kwano kamar an ba shi garwashi. Shi ya san doka sarai. Ya fara matsowa yana cewa Baba a daure a taɓa ko kaɗan, matarsa ta ɗaga masa hannu, ya tsaya a tsakiyar ɗaki bai sha ba bai ajiye ba. Illiassou ya bi kwanon da ido, ya dubi 'yarsa, yana mamakin inda tarbiyyar da ya bayar ta zube.

"Baba, ka gani? Hakanan Mushe Tomeu shike," in ji Kadidiatou. "In ka ce a'a, a'a shika ji. Ina ƙarama ya taɓa tambayata ko zunubi ne Musulmi shi tsaya kusa da wutar waliyyinsu, na ce ban sani ba. Shi duk zatonshi addini ya hana ka, shina jin nauyin matsa maka. C'est tout, shi ke nan."

Ran Illiassou ya ɓaci, irin ɓacin da yake zuwa in an gaya maka gaskiya a gaban suruki. Ya ce addini bai hana shi kallon wutar maƙwabci ba, ba sujada zai yi mata ba, Tomeu ma ai ya ci naman layya shekara da shekaru bai zama Alhaji ba. Amma yanzu tayi ya wuce. Me ake so ya yi? Ya je da furfurarsa ya tsaya gaban mutum ya ce a tafi da shi? A gidansu ba a taɓa gayyatar kai ba, kuma ba a kansa za a fara ba.

"Ba roƙo za ka yi ba, Baba. Amsa ce ka makara da ita."

Illiassou ya miƙe. Ya ce wa Zouera ta tashi kar su rasa jirgi, ko da yake da sauran lokaci sosai. A jirgin ya juya fuska ga taga har suka ci rabin hanya, sannan Zouera ta ciro wata kwalba daga jaka ta ajiye a ɗan teburin da ke gabansu. Furar ce, yarinyar nan ta ɗuro masa. Ya shanye tas, ya ce gero ya ji daka amma nonon ya ɗan yi tsami.

Washegari ya tarar da Tomeu yana ɗaure kaya a bayan kanti. Illiassou ya kama masa, kuma ya fara kewaye-kewaye irin namu. Ya ce motar nan za ta yi nauyi, tafiya mai nisa haka mutum ɗaya ba daɗi. Tomeu ya ce zai riƙa tsayawa yana hutawa. Ya ce to gwiwar fa, ga tuƙi har Barcelona kafin a shiga jirgin ruwa? Tomeu ya ce likita ya ba shi magani. Ya ce sauke kabad ɗin nan a can sai da mutum biyu. Tomeu ya ce ɗan ƙanwarsa zai tare shi, ƙato ne. Duk ƙofar da Illiassou ya ɗan tura, tsohon sai ya rufe masa ita da ladabi, bai ma san ƙofa ba ce. Har azahar ta yi, Illiassou ya shiga ɗakin ajiya ya yi salla a kan kwalinsa, ya jima a zaune bayan ya sallame.

Da ya fito, Tomeu yana kan kujera yana ƙoƙarin sauke hoton kwarin lemon nan da ya daɗe a bango bayan sikeli. Illiassou ya riƙe masa kujerar. Wataƙila don ba fuska da fuska suke ba ne maganar ta iya fita.

"Mushe, ina son in je."

"Ina?"

"Wutar Sant Antoni. Tun shekarar farko nake so."

Tomeu ya sauko a hankali, ya zauna a kan akwati da hoton a cinya. Ya tambaya, to me ya sa kullum yake cewa a'a? Illiassou ya yi bayani, gumi yana keto masa cikin sanyin Janairu, cewa a garinsu mai tarbiyya ba ya amsawa sai an yi masa tayi sau uku. Tsohon ya daɗe yana kallonsa. Ya ce a nasu garin wanda ya maimaita tambaya bayan an ce masa a'a, mai shisshigi ake kiransa. Ya ce bana ma ya buɗe baki zai yi tayin, sai ya ji ba zai iya ɗaukar a'a ta ƙarshe ya tafi da ita gida ba.

Can sai Tomeu ya ɗaga yatsa ɗaya ya ce, "Illiassou, ka zo mu tafi." Ya ɗaga na biyu ya maimaita, ya ɗaga na uku ya maimaita, ya tambaya ko ya isa ko a ƙara. Illiassou ya ce ya isa. Tsohon ya jawo tarho ya kira ƙanwarsa Margalida a tsibiri, ya yi ta magana da ƙarfi cikin yarensu. Abin da Illiassou ya tsinta a ciki sunansa ne kawai, da wata ƙara da matar ta yi daga can, wadda bai gane ko dariya ce ko kuka ba.

Sabon mai kanti dama zai yi fenti, ba mai neman Illiassou sai bayan mako, azumi kuma da sauran 'yan kwanaki. Suka kama hanya, Tomeu yana tuƙi, Illiassou yana ɓare masa lemo. Suka tsallaka teku, suka hau duwatsu suka gangara, sai ga kwarin hoton nan a gabansa, lemo ja-ja a kan itatuwa cikin sanyi. Ya gane garin kamar ya taɓa zama a ciki: ga dandalin, ga cocin, ga gungumen zaitun an tara a kowace mahaɗa ana jiran yamma. Har kwanar gidan su Tomeu shi ya nuna kafin a faɗa masa.

Margalida 'yar ƙaramar tsohuwa ce cikin baƙaƙen kaya, ba ta jin Faransanci, amma ta kama hannayensa biyu ta yi ta magana. A tsakar gida akwai ɗan rago a ɗaure, aka ce nasa ne, shi zai yanka da hannunsa yadda addininsa ya ce. Ya fuskantar da shi alƙibla ya yanka, ya feɗe, ya yanyanka, ya barbaɗa yajin Zouera. Da rana ta yi sanyi aka cinna wutar mahaɗarsu, ganga ta fara gurnani daga wani lungu, dodo na farko ya wuce a guje yara suna ihu. Mata suka fara fitowa da wayoyin gashinsu, baƙi ƙirin da kitsen alade na shekaru. Illiassou bai damu ba, ya zo da shirinsa. Ya sa hannu a aljihun kwat ya taɓa tsinkayensa, yana duban inda zai tara toka ya kafa su.

Sai ga Margalida ta fito daga ɗakin ajiya rungume da wani abu a naɗe cikin tsohon zanen gado. Ta warware a gabansa. Waya ce ta gashi, aikin maƙeri, mai dogon mariƙi, ƙarfenta fari fat yana ƙyallin mai, wuta ba ta taɓa taɓa ta ba. Ta yi magana, Tomeu ya fassara yana kallon ƙasa. Shekarar da ya fara yin tayin, tun kafin ya yi ya gaya mata zai zo da abokin aikinsa Musulmi, don bai yi zaton za a ƙi ba. Ita kuma ta je wurin maƙeri ta sa aka ƙera wannan, don kada naman baƙo ya hau inda alade ya hau. Tun daga nan duk Janairu sai ta sauke ta daga ƙusa ta shafe ta da man zaitun, ko da yayanta ya gaya mata a tarho ba mai zuwa, ta ce mutum yana iya sake shawara a hanya. In ta ga ya iso ba baƙo, ta naɗe ta mayar. 'Ya'yanta sun sha neman aro, ta kore su. Maƙerin ma ya daɗe da rasuwa.

Kunya ta kama Illiassou, ba irin wadda yake taƙama da ita ba, wata daban mai nauyi. Shi yana Lyon yana jiran a ja hannun rigarsa, ashe wata tsohuwa da bai taɓa gani ba tana nan tana shafa wa ƙarfe mai saboda shi. Ya zare hannunsa daga aljihu, ya bar tsinkayen inda suke. Ya karɓi wayar da hannu biyu kamar yadda ake karɓar abu daga manya, ya jera naman a kanta, ya durƙusa cikin 'yan gari, ya ja garwashi da sanda ya ɗora. Kitse ya ɗiga, wuta ta tashi ta lashi naman ta gefe, irin ƙunar da ya yi shekara ashirin yana zagi, bai janye ba. Kafin ya juya naman wayar ta yi baƙi. Margalida ta sunkuyo ta duba, ta dafa kafaɗarsa ta ce wani abu. Tomeu ya ce cewa ta yi, haka take son ganin wayar tun tuni.